Taken Rundawan Jega

Ni ne Dalhatu Maikalangu. Duk mahaucin da ya taɓa riƙa wuƙa tsakanin Jega da Maiyama ya san hannuna. Kwalara ta shiga gidanmu ta bar ni tsaye. Motar albasa ta kife da mu a hanyar Aliero, ni na jawo direban waje. Ciwon da ya shanye mini hannun hagu ma bai iya da sauran jikina ba. Sai dai kalangu ba ya magana da hannu ɗaya. Dama ke bugu, hagu ke matse tsarkiya a hammata har muryarsa ta hau ta sauka.

Kowane gidan rundawa, wato mahauta na gado, yana da takensa, kiɗan da in anka buga ɗan gidan zai miƙe ya tari sa ranar hawan ƙaho. Ni kaɗai na rage da sanin su. Bayan kaina sai kaset guda, wanda wani direba ya ɗauka shekarar da anka ba mu jiha, ina kiɗa, marigayi Labbo yana waƙa. Ummaru, Sarkin Pawanmu na yanzu, ya ce in kawo a juye shi, don ya samo wani makaɗi daga Andarai, Audu, da zai saurara ya koya.

Munka tafi shagon Sadiƙ mai komfuta a kasuwar Jega. Ya duba zaren kaset ɗin, ya ce ya manne, juyi ɗaya kawai zai jure. Ya ce kuma yana da dabarar da ke wanke shuu da gurnanin tsohon kaset tun yana shiga. Ummaru ya yi dariya, ya ce a wanke mana, ko tumbi sai an wanke ake sai da shi. Zaren ya shiga, ya zagaya har ƙarshe, ya fito a tattaune kamar hanjin akuya.

Sadiƙ ya fitar da abin da ya juye kashi uku: ƙarami na sawa a waya, na faifan sidi, da wani babba da ya ce babu abin da ke ɓoye masa. Ya riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya. Shago ya cika, gardama ta tashi. Wani ɗan kamasho ya rantse ƙaramin ya fi ƙarfi. Ummaru ya ce na faifai ya fi zaƙi. A babban kuwa har numfashin Labbo anka ji, da tarin da yake yi kafin ya ɗauko amshi, sai da wasu sunka yi masa addu'a.

Sadiƙ ya juyo ya ce, "Baba Dalhatu, kai ke da kunne. Wanne ya fi?"

Na ce ya sake kunna babban. Na kai kunnena bakin sifika. Ina jin sandata tana sauka kan fata, kwas, kwas, kamar mai dukan kwano. Hawa da saukar nan da hagu ke yi, wadda ita ce taken, babu ita. Injin ya ɗauke ta gurnani ne, ya wanke.

Na ce, "Duka ukun Labbo ne, ɗana. Ni ba ni ciki."

Ya daɗe yana danne-danne, zufa na zuba. Daga baya ya ce wankakken kaɗai ya ajiye.

Ni ba a taɓa kada ni a fili ba. Na ce ya kawo abin magana, ya ɗauki muryata a irin babban nan nasa. Na zauna kan benci na yi taken gidajen da baki, tun daga gidan su Ummaru har na Maiyama, ban tsallake ko ɗaya ba. Ya fito tas. Ana jin iska na bi ta gurbin haƙorana.

Audu ya zo ranar kasuwa da kalangunsa. Ya saurari abin da na yi da baki har ƙarshe cikin ladabi, sannan ya tambaye ni inda ake matsewa da inda ake saki. Na buɗe baki in faɗa masa, na tarar ban taɓa sani da baki ba. Hannun ne ya sani, ga shi kwance a cinyata.