Asibitin Bayan Duvu

Tun da Sumayyat ta karɓi lasisinta na aikin jinya, babu ƙofar asibitin da ba ta ƙwanƙwasa ba a Mubi. Wasu su karɓi takardunta su ce za su kira, wasu su ce ta zo ta yi aikin sa-kai har Allah Ya kawo gurbi. Mahaifiyarta ta daina tambayarta yadda ake ciki, shirun kuwa ya fi tambayar ciwo.

Abin da ke rage mata zafi shi ne gidan su Dorathy, ƙawarta da suka gama makaranta tare, ita ma tana zaman jiran aiki. Gidajensu na kallon juna a unguwar Yelwa. In an kawo wuta da yamma, sai su zauna gaban talabijin suna kallon wani shiri na jirgin da ke yawo tsakanin taurari. Dorathy ta haddace shi kamar karatun jarrabawa.

"Kin ga likitan jirgin nan?" in ji ta wata rana. "Na'ura kawai yake ɗorawa a ƙirjin mutum, ciwo ya tafi. Nan gaba inji ne zai yi aikinmu."

"Bari mu samu aikin tukuna kafin injin ya ƙwace," in ji Sumayyat.

A shirin ranar, kyaftin ɗin jirgin ya sauka wata duniya ya dawo. Fuskarsa ce, muryarsa ce, amma ba shi ba ne, wata halitta ce ta shiga siffarsa. Suka yi ta musu. Dorathy ta ce da ita ce a jirgin da ta gane shi tun daga tafiyarsa. Sumayyat ta ce ƙarya ne, mutum ba ya zargin wanda yake sa rai a kansa. Suna cikin haka wayarta ta yi ƙara.

Murya ce ta dattijo, mai taushi. Ya ce sunansa Dakta Gabdo, ya buɗe sabon asibiti a bayan ƙauyen Duvu, yana neman nas mace, kuma wani ne ya ba shi lambarta. Ya ce ta zo gobe da hantsi da takardunta, kada ta yayata, don masu nema sun yi yawa.

Dorathy ta taɓe baki. "Wane ne ya ba shi lambar?"

"Ina na sani? Ko'ina na bar ta."

"To ba ki tafiya ke kaɗai."

Washegari suka hau babur ɗaya. Damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsayi. Da suka wuce ƙauyen, hanya ta tsuke, suka tsallake wani ɗan mayo, wato rafi, gidaje suka ƙare. Sumayyat ta duba waya, babu sabis ko ɗigo. Ta mayar da ita jaka ba ta nuna wa Dorathy ba, don kada a ce ita ta fara karaya.

Ginin yana nan kamar yadda aka kwatanta, an shafa masa sabon farin fenti, ga allo a bakin ƙofa. Mutumin ya fito da farar riga, abin sauraron ƙirji rataye a wuyansa, yana murmushi. Da ya ga su biyu ne, murmushin ya ɗan tsaya kafin ya ci gaba. Ya sallami mai babur da kansa, ya ce motarsa za ta mayar da su. Kafin Sumayyat ta buɗe baki, ƙarar babur ta yi nisa.

Ya zaunar da su a kan benci, ya karɓi takardunta ya ajiye bai ko buɗe ba. Ya tambaye ta aikin mahaifinta, da ko suna da ɗan'uwa a Abuja ko a waje, da wanda ya san sun zo nan. Game da jinya bai tambaye ta komai ba.

Tana amsawa idonta na yawo. Babu majiyyaci ko ɗaya, babu mai jiran majiyyaci da tabarma da kwano. Hancinta ya nemi warin maganin wanke ƙasa, wanda ke manne wa rigar duk wanda ya taɓa aiki a asibiti, sai warin fenti kawai. Ta ƙofar da ke buɗe ta hango gado, katifarsa ba leda. An rataye ledar ƙarin ruwa a jikin ƙusa, bakinta yana kallon sama. Ko ɗalibar da ta shiga makaranta jiya ba za ta rataye ta haka ba. Can ƙarshen barandar akwai wata ƙofa da kwaɗo a waje, daga bayanta kuma ta ji tarin namiji, wani ya ce masa shit.

Ta so ta dubi Dorathy, amma mutumin na tsaye a kansu, ita kuwa Dorathy sai yaba tsabtar wurin take yi.

Sumayyat ta yi dariyar da ita kanta ba ta gane ba. "Dorathy, kin san har yanzu shirin jiya nake tunani? Kyaftin ɗin nan da ya dawo."

Dorathy ta dube ta da mamaki. "Yanzu kuma?"

"Kin ce da ke ce da kin gane shi. To ni dai na yarda da ke. Tun daga tafiyarsa."

Dorathy ta saci kallon mutumin. Sumayyat ta ga lokacin da maganar ta shige ta, don jijiyar wuyanta ta motsa.

"Wane shiri ne wannan?" in ji mutumin.

"Na 'yan sama jannati ne, Dakta," in ji Dorathy. "Shirme ne kawai, mu marasa aiki muke kallo."

Ya yi dariya. Sannan ya miƙa hannu ya ce su kawo wayoyinsu, dokar wurin ce, ba a shiga ofis da waya. Suka ba shi, don babu yadda za su yi.

"Dakta, don Allah ina ne bayan gida?" in ji Sumayyat. "Tun a hanya nake matse. Dorathy, zo ki riƙe mini mayafi."

Ya dube su, ya dubi jakunkunansu da ke kan benci, ya dubi wayoyin da ke hannunsa. Ya nuna musu baya da haɓa.

Suka fita suna tafiya a hankali, Sumayyat tana jin idonsa a tsakiyar bayanta. Ba a gama katangar baya ba, an toshe giɓin da ƙaya. Suna shan kwana Dorathy ta cire takalmi. Suka taka ƙayar suka faɗa cikin dawa.

Ganye na yankar fuskarsu, laka na riƙe ƙafa. A bayansu aka buga ƙofa, aka ɗaga murya, ba murya ɗaya ba, kuma babu sauran taushi a cikinta. Sumayyat ta faɗi, Dorathy ta fizge ta. Ba su san inda suka dosa ba, sun dai bi gangara. Duk karan da ya motsa sai ta ji kamar hannu ne zai damƙe ta. Ta so ta yi addu'a, amma kalma ɗaya ce ke fita, Allah, Allah.

Sai suka ji waƙa. Mata ne ke cirar ciyawa a gonar gyaɗa, sun jeru da fartanyu. Wata tsohuwa ta miƙe, ta dubi ƙafafunsu da ke jini, ba ta tambayi komai ba, ta ƙwala kira da yarensu. Maza suka ɓullo daga gonakin kusa. Nan ne Sumayyat ta zube a kan kunya.

Tsohuwar, wadda ake kira Mama Miriyamu, ta ce su ma sun yi ta mamakin asibitin da ba ya karɓar mara lafiya. Ta kai jikarta da zazzaɓi, aka ce mata ba a fara aiki ba. Ta wanke musu ƙafa da ruwan gora, ta cire ƙayoyin da allurar ɗankwalinta. Da mai unguwa ya tara mutane suka je, ba su tarar da kowa ba. An cire allon, ƙofar mai kwaɗo tana buɗe, a ciki akwai tabarma da igiya. Takardun Sumayyat na nan a kan benci inda aka ajiye su.

An kai rahoto, aka yi musu tambayoyi, ba a kama kowa ba. Sumayyat ta yi makonni ba ta fita. In wayar mahaifiyarta ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi. Abin da ya fi hana ta sukuni shi ne mutumin ya san sunanta da unguwarsu.

Bayan kaka, wata malamarsu ta makaranta ta zo gidan da ƙafarta, ta ce ana neman nas a wani ƙaramin asibiti a Bahuli. Sumayyat ta ce a ba ta lokaci ta yi tunani. Mahaifiyarta ta ɗauko mayafinta, ta ce su tashi, ita za ta raka ta. A layin masu jira suka zauna, tsakanin wata mai ciki da wani tsoho mai tari, har aka kira sunanta. Ta fara aiki ranar Litinin, yayanta Abdulhakeem ne ke kai ta yana ɗauko ta.