Sanyi a Bakin Tanderu

"Hajra, ja mini ƙofar nan, sanyi zai kashe ni."

Subhan Sofi ne, yana zaune a bakin tanderunsa, wuta na haska masa fuska. Ni kuwa da na shigo sayen gurasa har gumi nake yi.

"Kai da ke kan wuta? To mu mu ce me? Yi sauri, shayina na hucewa."

Bai rama ba. Tun ina amarya a wannan lungu namu na Srinagar muke cacar baki kowace safiya, bai taɓa bar mini ta ƙarshe ba.

Da bazarar da ta wuce ya yi mura, bayanta gaban wuyansa ya kumbura yana zogi. Likita ta ce wata 'yar tsoka ce a maƙogwaro mai ba jiki ɗumi da kuzari, kumburin ya sa ta gaza. Ta rubuta masa ƙwaya ɗaya kullum kafin shayi, ta riƙe masa jiki. Yawanci tsokar kan farfaɗo, in ji ta, amma kada ya daina sha sai ya dawo da safe an auna jininsa.

Da safe! Mutumin da unguwa guda ke jira ta karya kumallo. Ya sha har kaka ta shigo, ya ji garau, magani ya ƙare, ya ce shi ke nan.

"Baban Nusrat, ka rufe shagon nan rana ɗaya mana," matarsa Mugli ta yi ta roƙo.

"In rufe su ci me? Ai likitar ma ta ce abin mai wucewa ne."

Nasa bai wuce ba. Hunturu ne ya rufe mana ido. A nan kowa kan shige cikin burmemiyar rigar ulu, ya rungume kaskon wuta a ciki, ya zama ƙato mai nawa. Wa zai gane wanda ya kumbura? Fuskarsa ta cika, muka ce jin daɗi ne. Muryarsa ta dushe, muka ce hayaƙi.

Ran da ya ce in ja ƙofa, gurasar da ya ba ni ta ƙone. Na biya wajen Mugli.

"'Yar'uwa, mutumin nan ba lafiya."

"Na sani. Jiya da ƙullu a hannu barci ya kwashe shi. Ya ce in ƙanƙara ta narke zai je."

"Ta narke? Ai yanzu ta fara zuba!"

Na koma na zazzage masa, har da cewa gurasarsa ba wahayi ba ce. Ya daɗe yana kallona kafin ya haɗa magana.

"Ke dai... kawo kwandonki gobe."

Washegari na kawo. Na tarar da maza sun ɗauko shi a bargo suna neman mota. Jikinsa sanyi ƙalau, yana numfashi da ƙyar, ga tanderun na ci a bayansu. A asibiti suka ce an makara. Bai farka ba.

Har yau haushinsa nake ji, ina kuma kewarsa, ban san wanne ya fi ci mini rai ba.

A nan, gidan makoki ba a hura wuta, maƙwabta ke kai abinci. Na dafa shayin gishiri, na ratsa ƙanƙara har hayin gada, na sayo gurasa wajen wani da ban ma san sunansa ba.

Da na kai, Mugli ta ɗauki ɗaya. Ta juya ta, ta sa yatsunta a gurbin yatsun da mai gashin ya bari a kai. Ba su zauna daidai ba kamar a gurasar mijinta. Ta ajiye ta a gefen tire, shayin na ta tururi.