Sha Huɗun Hindatu

Shekara shida Hindatu da Sha'aban suka yi a ɗakinsu na unguwar Al-Badi'a a Riyadh, babu haihuwa. Sha'aban direban tirela ne tsakanin Riyadh da Jidda, kwana uku kacal kamfani ke ba shi ijaza, wato hutu, a wata. To, mutumin da ba ya zaman gida, ina za a ɗora laifin?

Wata maƙwabciya ce ta kai Hindatu wurin wata likita 'yar Sin. Matar ba ta yi mata allura ba. Harshenta ta duba, ta riƙe wuyan hannunta ta ji bugun jininta, sannan ta shiga tambaya: jinin wata ja ne ko baƙi-baƙi, da gudaji ko babu, ƙafafu suna sanyi? Hindatu ta sha kunya ranar. Likita ta ce sanyi ne ya zauna mata a mara. Ta hana ta ruwan firji, ta ce ta riƙa shan citta, kuma kowace safiya kafin ta sauko daga gado ta auna zafin jikinta ta rubuta. Ranar da ta ga farin ruwa mai yauƙi kamar na ɗanyen ƙwai, ranakun ɗaukar ciki ne.

Hindatu ba ta wasa da abin da aka sa ta. Wata uku tana zana alama a kalandar bango, har ta gane ranakunta na faɗowa tsakiyar wata. Ta ce wa mijin, "Maigida, wannan karon ka karɓi ijazarka daga sha huɗu."

"An gama, Hindu."

Ranar sha uku ta ga alamar. Ta yi lalle, ta turara ɗaki, ta kira shi da hantsi ta ji ko ya kamo hanya.

"Wace hanya? Ina Jidda ana min lodi. Sha huɗu ai saura kwana tara."

Ta zauna a bakin gado, ta dubi bango. Ita lissafinta na Hijira ne, da shi ta saba ƙirga sallarta da ramuwar azuminta tun tana budurwa. Shi kuwa takardar mudir, wato manajan kamfaninsu, da watan Bature take tafiya. Babu wanda ya tambayi ɗan'uwansa wace sha huɗun.

"Gobe sha huɗu ga Rajab," ta ce. "Wata uku ina shan citta kamar mai mura, kai kana can kana ƙirga na Turawa."

Cikin ƙarar injin ɗaga kaya ya ce, "Kar ki yi kuka, kwallinki zai zube. Ba ni awa ɗaya."

Ya sami Almustafa, wani direba ɗan Nijar da motarsa ke komawa Riyadh a ranar, ya roƙe shi su yi musanya. Almustafa ya tambayi dalili. Sha'aban ya ce lalurar gida ce. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya yi dariya, ya miƙa makulli. Mudir ya yi ta faɗa da Larabci, daga baya ya sa hannu.

Washegari bayan la'asar Hindatu ta ji ƙwanƙwasa. Ga Sha'aban, ido ja, ƙura har gira, leda cike da ɗanyar citta a hannu.

"Ba ni irin kalandar taki in manna a mota," ya ce. "Yau nawa?"

"Sha huɗu."

"Taki ko tawa?"

Ta karɓi ledar, ta ja hannun rigarsa ciki.