Ranar da Dakta Mildred Ta Ɗauki Tulun Mama Kumai

Ai Yaya Beatrice, matar nan ta zo! Ta zo, kuma abin da ya faru jiya Asabar a cocinmu, in ban faɗa miki yau ba cikina zai fashe. Eli yana bayana yana mutsu-mutsu, shi ya sa rubutun ya karkace, ki karanta haka.

Kin tuna waƙana da na haɗa tun ina da ciki? Wata huɗu ina bin Mama Afiniki, shugabar Zumuntar Mata, ina roƙo ta bar ni in rera a taron gunduma. Na yi mata shara, na rege mata acca, kafin ta ce to, minti biyar bayan wa'azi. Na gaya wa Baban Eli, na gaya wa uwar mijina, har Hajiya Mero mai tumatir a kasuwa sai da ta ji. Saura kwana uku Mama ta ja ni gefe, wai in yi haƙuri, an ba babbar baƙuwa lokacina. Wai marubuciya ce, Dakta Mildred, tana bin gari gari tana yi wa mata waƙar 'yanci.

Kin san wace ce Dakta Mildred ɗin? Mildred fa, 'yar mai gadin tashar jirgi, wadda kuke tallan rake tare in jirgin Jos ya tsaya. Ta je jami'a, ta je Ingila, ta dawo Hausa ta gudu daga bakinta, yaren gida ma ya bi ta.

An riga an kawo littafinta ofishin Fasto, na duba. A fom tu na tsaya, amma in na ga asarar takarda na san ta. Layi ɗaya kalma uku, na ƙasa kalma ɗaya, sauran shafi fari fat. Na tambayi Malam Patrick hedimasta da wace murya ake rerawa. Ya ce ba a rerawa, karantawa ake yi da ƙarfi. Na ce ina amshi? Ya ce babu. Na ce to wannan ai sanarwa ce.

Ta iso wajen sha ɗaya cikin farar Fijo. Mijinta Silvanus ke tuƙi, shi ke riƙe jaka, shi ke riƙe laima, shi ke ɗaukan katan na littattafai. Ba ta amsa sunansa, ta ce ita ba akuya ba ce da za a sa mata shaida. Mutumin kirki, Yaya. A duk 'yancin nan shi kaɗai na gani yana zufa.

Tana shiga ta ba da doka biyu. Na ɗaya, a kwashe kayan kiɗa daga gaba, tana son fili. Aka kwashe ganga da caki da tulu aka kai ɗakin baya. Na biyu, duk mai goyo ta fita waje. Wai shiru ma yana cikin waƙar, kukan jariri zai ɓata. Ki ji fa! Ta zo 'yantar da mata, ta fara da korar mu wajen talatin zuwa gindin mangwaro.

Na zauna ina cika ina batsewa. Ƙawata Rachael, ita ma da goyonta, ta ce, "Maman Eli, tunda an hana ki ciki, ki yi mana a nan mana." Na yi musu a hankali, sau biyu, sau uku, muna jijjiga yara. Kafin ki ce me sun kama amshin.

Muna cikin haka sai ga Silvanus ya buɗe bayan mota kusa da mu, ya kama kai. Na leƙa, kasko ne cike, tulu ya yi kaca-kaca.

"Sannu Oga, lafiya?"

"Ina lafiya, Madam? A Jere na saya da safen nan. Hanyar Kagarko ta gama da shi."

Ashe duk garin da ta je, a ƙarshen waƙa sai ta ɗaga tulu sama ta fasa a ƙasa. Wai tulu shi ne bautar mace. Ya ce in babu tulu waƙar ba ta da ƙarshe, shi kuma ba shi da zaman lafiya a mota har Abuja. Rachael ta ce ya ruga kasuwa. Ya dubi agogo, ya girgiza kai, ya zagaya bayan coci. Allah ya sani ban kawo komi a raina ba.

Muka taru a taga muna leƙe. Dakta ta cire takalmi, ta ɗaura tsohon zani a kan leshi, wai ta zama mu. Ta fara. Ta yi ihu da Turanci, ta yi raɗa, ta tsaya tana kallon rufi har na ɗauka jemage ta gani. Malam Patrick ke fassara, matarsa tana zaune a benci na biyu tana kallonsa. Dakta ta nuna shi da yatsa ta zuba magana mai tsawo, jijiyar wuya a waje. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ta ce maza su ƙara ƙoƙari." Iyayenmu kuwa sun buɗe baki suna jiran inda za su shiga da amshi, babu ƙofa. Wasu suka fara gyangyaɗi.

Sai ta miƙa hannu baya, Silvanus ya sa mata tulu a hannu.

Yaya, tulun Mama Kumai.

Ke kin san shi. Babban tulun kiɗa na Zumunta, wanda Mama Kumai take buga bakinsa da guntun soso tun kafin a haife ni. Daga Kwoi ta ɗauko shi a ka. Ba a taɓa zuba masa ruwa ba ko ɗigo, kada murya ta mutu. Ko Fasto ba ya taɓa shi. Shi ke buɗe kowace waƙa, sai ya yi dum dum dum mata su san inda za su sa ƙafa. Su kuma mutanen Abuja sun ga tulu, tulu ne kawai.

Na buɗe baki na ce, "Wayyo, ba wannan—" Mai tsaron ƙofa ta juyo ta ce, "Shiii! Dakta ta ce shiru." Na ce, "Mama, ki duba—" Ta ce, "Ki kai ɗanki can!" A ciki kuwa babu wanda ya san abin da za ta yi. Mama Kumai tana benci na farko, idonta ba ya gani sosai, har murmushi ta yi, ta ce da ta kusa da ita, "Ashe yarinyar ta iya kiɗa."

Dakta ta ɗaga shi sama da hannu biyu, ta yi ihu ɗaya, ta sake.

Ƙaran da ya yi a siminti, har yanzu yana kunnena. Soson ya yi tsalle ya faɗi gaban Mama Afiniki. Dakta ta sunkuya tana jiran tafi. Malam Patrick ya tafa sau biyu, ya waiga, ya sa hannu a aljihu.

Mama Kumai ta tashi a hankali, ta durƙusa, ta fara tsince kasko tana sa wa a bakin zani. Sai kuka ya ɓarke. Dakta ta buɗe hannu, fuska duk haske, ta tono Hausa daga inda ta binne ta, ta ce, "Yawwa 'yan'uwana, ku yi kuka! Ku fitar da shi!" Ta ɗauka waƙarta ce ta taɓa mu!

Mama Afiniki ta ce, "Mildred, kin san abin da kika fasa?"

"Sarƙa na fasa, Mama."

"Sarƙar gidanku. Bakinmu kika fasa."

Da Dakta ta gane, ta ce ai za ta aiko da tulu goma. Mama Kumai ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce, "'Yata, da kin ƙwanƙwasa shi sau ɗaya, da ya gaya miki ko shi wane ne."

Wuri ya rikice. Matan Kagoro sun miƙe suna gyara ɗamara, matan Zonkwa suna neman jakunkunansu za su tafi, ga shi ba a ko yi addu'ar rufewa ba. Mama Afiniki ta ce a ta da waƙa, a ta da waƙa! Mai ba da waƙa ta fara ɗaya, babu tulu, kowa ya shiga ta ƙofarsa, ta watse. Ta fara wata, ita ma haka. Duk waƙoƙin da aka koya, da tulu aka koye su.

Waƙana kuwa ba a taɓa yarda an gwada shi da tulu ba. A kan turmi na haɗa shi. Rachael ta zungure ni. Ban san lokacin da na sa kaina cikin taga ba, na ɗaga murya:

"Ya Ubangiji, kai ka ba maza hannu biyu,"

Masu goyo talatin suka amsa daga bayana, kowa tana bubbuga bayan ɗanta:

"Ka nuna musu inda taɓarya take!"

"Kai ka ba su ƙafa, suna zuwa ƙwallo,"

"Ka nuna musu hanyar rijiya!"

Yaya, sai wata tsohuwa a cikin coci ta yi guɗa. A baiti na uku duk ɗakin ya ɗauka. Muka shiga a jere da yaranmu, mai tsaron ƙofa da kanta ta buɗe mana. Matan Kagoro suka kwance ɗamara suka shiga rawa. Matar Malam Patrick ta je gabansa tana rera masa a fuska. Mama Kumai tana hawaye tana buga cinya da tafin hannu, tana riƙe mana lokaci. Minti biyar na roƙa, sai da muka yi sau huɗu.

Bayan an tashi Dakta ta zo da biro da takarda, wai in faɗa mata kalmomin, za ta sa a sabon littafi ta ba ni murya. Na ce, "Anti, na gode, wadda nake da ita ta kai har bakin titi." Eli kuma ya zaɓi lokacin ya yi mata tumbuɗi a leshi.

Mama Afiniki ta ce ni zan buɗe babban taro na watan Nuwamba, a gaba, da makirfo! Fasto bai ce komi ba tukuna, amma matarsa ta roƙe ni in rubuta mata baiti na biyu. Su Dakta kuma ba su koma Abuja ba. Gobe Litinin Silvanus zai kai Mama Kumai wurin maginan tukwane, kuma tsohuwar ta ce Mildred za ta zauna a ƙasa kusa da ita har a gwada kowane tulu ɗaya bayan ɗaya, ko da kwana uku ne.

Ki karanta wa matan Zumuntarku na Sabon Tasha, ki koya musu amshin. Ki kai wa Yaya Celestine ma, shi da ya ce waƙa ba aikin matar aure ba ne, ki tsaya a kansa har ya karanta ya gama.