Ƙaramar Tagar Gidan Pang Deshan

A ƙauyukan bakin kogin Songhua, in sanyi ya kama, ba sai ka shiga gidan mutum za ka san halin da yake ciki ba. Tagarsa za ka duba da safe. In ƙanƙara ta yi wa gilashin ɗan zane kamar ganye, gida lafiya. In kuwa ta toshe shi har ba a hango kowa, to sanyi na kwana tare da masu gidan.

Tagogin Pang Deshan a bana sun fi na kowa kaurin ƙanƙara. Matarsa Guifen tun farkon sanyi take tari, irin mai fitowa daga ƙasan ƙirji, kullum tana ƙudundune a kan kang, gadon bulon nan da hayaƙin murhu ke bi ta ƙarƙashinsa. Abin na cin sa, amma bai kai maganar maƙwabcinsa Nie Baoku cin rai ba.

"Yaya Pang," in ji Nie ta saman shinge, "gida ka gina ko rumbun ajiye kifi? Ka zo da matarka wajena ta ji ɗumi mana, kafin ta daskare maka."

"Je ka goge hancinka tukun, tsohon banza," in ji Pang. Ya yi dariya, amma a ciki maganar ta tsaya masa.

Washegari ya dawo daga kasuwa da naɗin leda mai kauri. Ya bi tagogin ta waje yana rufewa, yana danne bakin ledar da siraran katako da ƙusa. Ya cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Da ya iso ƙaramar tagar sama, wadda kowane gida ke bari a sake don iska ta shiga ko ana mutuwa da sanyi, Guifen ta ƙwanƙwasa gilashi daga ciki.

"Tsoho, bar wannan. Mahaifiyata ba ta taɓa rufe ta ba."

"Mahaifiyarki ba ita ke sayen kwal ba. Ta nan duk ɗumin ke guduwa."

Ya rufe ta. Ya shiga ya cika murhu da jiƙaƙƙen kwal don ya daɗe yana ci, sannan ya tura farantin ƙarfen bututun hayaƙi ya kusa toshe shi, kada zafi ya bi sama a banza.

Kafin su gama cin kabeji mai tsami da kunun masara na rana, ƙanƙarar ta fara sakin gilashi. Ruwa ya riƙa gangarowa layi-layi. Pang ya tsaya yana kallo kamar wanda ya ci kasuwa. Rabon da a ga itacen tsakar gida daga ɗakin nan tun kaka.

"Kaina ya yi nauyi," in ji Guifen.

"Ɗumi ne, tsohuwa, kin manta daɗinsa. Kwanta."

Shi ma ya ji gefen kansa na sarawa, ya ce gajiyar guduma ce. Ya lura tarin nata ya tsaya, ya ji daɗi. Kyanwarsu, wadda ba ta barin kang ko an kore ta, tana bakin ƙofa tana karce katako. Ya buɗe, ta riga shi fita, ya ja ƙofar ya rufe gam.

Ya je kiran Nie ya zo ya ga ido. Ya tarar ana karta, aka ba shi wuri, aka zuba masa shayi. Iskar waje ta riga ta washe masa kai. Sai da rana ta karkata ya tuna abin da ya kawo shi.

"Taso ka ga rumbun kifin naka."

Nie ya biyo shi yana tsokana har bakin shinge. Ya ga gilashi tas, sai ya tsaya cak. Ya ɗaga kai ya dubi bututun hayaƙi. Ɗan hayaƙin da ke fita bai kai na taba ba, sauran gubar kwal ɗin duk tana cikin ɗaki.

"Yaya Pang, ina ƙaramar tagar?"

Pang ya matsa kusa da taga. Ta cikin gilashin da ya yi alfahari da shi, yana hango Guifen sarai. Tana kwance yadda ya bar ta, hannu ɗaya ya zubo daga kang. Kumatunta sun yi ja, kyakkyawan ja irin na yarinya.

Da gwiwar hannu ya fasa tagar. Nie ya banke ƙofa, suka jawo ta waje cikin bargo suka shimfiɗe a kan dusar ƙanƙara. Nie ya ruga neman mai mota yana ihu. Pang ya kira sunanta, sunan da rabon bakinsa da shi tun suna samari. Ba ta motsa ba. Ya kara kunne a ƙirjinta, bugun zuciyarsa ya hana shi jin komai.

Sai ya ɗauki ɓallin gilashin da ya faɗo, ya kara a bakinta, ya jira.

Wani ɗan hazon numfashi ya bayyana a kai, bai fi girman farce ba. Nan take sanyi ya kama shi, ya zama farar ƙanƙara. Pang ya goge da babban yatsa, ya sake karawa. Ta sake fitowa.

Haka mai motar ya same shi a durƙushe, yana gogewa yana karawa, ya ƙi yarda kowa ya karɓi gilashin daga hannunsa.