Fadamar Mala

"Ka ce masa ya koma," in ji Mala, fuskarsa na kallon bango.

Zarami, maƙwabcinsa na shekara talatin, ya tsaya a bakin ƙofa da kofin kunu a hannu. Alhaji Haris, tsohon kansilan unguwa, yana zaure yana jira, ya sa an sauke buhun shinkafa.

"Yaya Mala, dubiya ya zo. Ya ce ka yafe masa."

"Shinkafar ina ya kawo? Ta fadamata?"

A gaban Zarami aka yi komai. Shekarar da aka kawo gasar ƙwallon duniya ta matasa ƙasar nan, Haris ya zo da masu awo, ya ce baƙin 'yan wasa za su riƙa atisaye a Haɗeja, a gina otal, yara su sami aiki. Shinkafar Mala ta fara fitar da kai aka sa mata katafila, aka zagaye wurin da katanga. Gasa ta zo ta wuce, ko baƙo ɗaya bai sauka ba. Haris ya yi gaba a siyasa, ya gina bene. Mala ya koma ƙwadago a gonakin mutane, har ciwon ƙirji ya kwantar da shi.

Ba a yi masa iso ba Haris ya ɗaga labule.

"Mala, umarni ne daga sama. Ƙasa muka yi wa hidima."

Mala ya juyo da ƙyar, numfashinsa na sarƙewa.

"Ka je ka ga hidimar. Ambaliya ta kwantar da katangar, ciyawar kachala ta fi ka tsawo. Ni ban noma ba, ba a buga ƙwallo ba. Ɗauki buhunka."

"Haba Mala, ka tuna inda za ka."

"Can nake jiranka."

Zarami ya koma zaure. Shi ya kinkimi buhun ya mayar bayan motar Haris.

Washegari da hantsi Mala ya cika, kansa a cinyar Zarami.

A maƙabarta Haris ya matso bakin kabari, ya naɗe hannun babbar riga. Shebur na zagayawa hannu zuwa hannu. Da ya iso wurin Zarami, ya zuba ƙasa sau uku, ya miƙa wa na bayan Haris.

Haris ya daɗe a tsaye, hannunsa a miƙe.