Sunan Wa'il a Jikin Gilashi

Shekara ashirin da uku ba a buɗe siton da ke ƙarƙashin wani bene a unguwar Sidi Bishir ta birnin Iskandariya ba, sai da aka ce za a rushe ginin. Da Hajji Ragab, mai siton, ya sa aka fasa kwaɗon, warin laima da fitsarin ɓera ne ya fara tarar su. Injinan wasa goma sha ɗaya suna jere kamar yadda ya bar su, kowanne ya kai tsayin mutum. Gishirin teku ya ci ƙarfensu, katakon wasu ya kumbura ya dare.

A da shagon wasanninsa shi ne matattarar samarin unguwa, a jefa kwandala a yi ta harbin jirage har a kira sallah. Yanzu masu gidajen shayi na Iskandariya sun koma son tsofaffin kaya, shi ya sa Usta Gamil, mai gyaran talabijin, ya zo da akori-kura don ya gyara injinan a sayar.

Gamil ya toshe hanci ya ce, "Hajji, wannan sito ne ko kabari? Ɓerayen nan sai sun kai ka ƙara, ka raba su da gidan gado."

"Kai dai ɗauki kaya, ka rage surutu."

Bakwai suka tsira, huɗu suka ruguje a hannun masu dako. Hajji Ragab ya wuce can kusurwa, ya sa hannun riga ya goge fuskar na ƙarshe. Ko ba wuta, rubutun yana nan, ja-ja kamar tabon ƙuna. Haka gilasan dauri suke: hoton da ya daɗe a wuri ɗaya sai ya ci gilashin, ba ya fita. A saman jerin gwanaye akwai haruffa uku na sunan ɗansa Wa'il. Shekara huɗu ba wanda ya ture shi daga nan. Daga baya ya shiga kwalekwalen masu zuwa Italiya, kuma ko takalminsa teku ba ta dawo da shi ba. Babu gawa, babu kabari. Tun ranar tsohon ya rufe shago, ya hana a ambaci sunan a gabansa.

Ya buɗe baki zai yi bayani, girman kai ya rufe masa shi. Abin da ya iya cewa kawai, "Wannan ba na sayarwa ba ne. Nawa ne."

"An gama, Hajji. Zan yi masa aikin da ko surukina ban yi wa ba."

Gamil ya san aikinsa, ba za a raina masa ba. Bai yi garajen jona wuta ba. Ya shanya injinan kwana goma a kan bene, ya wanke allunan ciki, ya sake wayoyin da ɓeraye suka gaigaye. Kuma a wurin mai gyara na gari, gilashin da ya ƙone abin kunya ne, ba a miƙa wa mai kaya shi.

Ranar Alhamis da hantsi ya aika aka kira Hajji. Ya zaunar da shi, ya kawo shayi mai na'ana'a, ya yaye zanen da ya rufe injin yana ta murmushi. Da ya danna makunni, jirage suka fito tar, launi kamar an wanke. Jerin gwanaye ya hau, sunayen da kamfani ya sa tun asali, ba na kowa ba.

"Ka gani? Har Alƙahira na je neman gilashin nan. Kyauta ce, kada ma ka fara."

Tsohon ya ajiye kofin a hankali. "Ina tsohon gilashin?"

"Wancan ƙonannen? 'Yan gwangwan sun kwashe tun ranar Litinin. A gabana suka fasa shi, jan ƙarfen wuyansa kawai suke so. Wani ɗan banza ne ya kafa sunansa a kai har ya lalata..."

"Ɗana ne."

Gamil ya daskare, zanen yana hannunsa. Hajji Ragab ya ce, "Wa'il sunansa." Muryar ta fito a dushe, don ta daɗe ba ta ɗauki kalmar ba.

"Innalillahi... Hajji, don Allah me ya hana ka gaya mini? Kalma ɗaya fa! Bari in bi su, wataƙila wani ɓallin..."

"Zauna, Usta. Ba ka yi laifi ba. Ka yi aikinka, ni ne ban yi nawa ba."

Injin yana ta kiɗansa na yara a tsakaninsu. Tsohon ya miƙa hannu bayansa, inda yatsunsa suka sani tun da can, ya kashe shi. Ya daɗe yana duban baƙin gilashin. Ya sa hannun riga ya goge saman, wajen hagu, ya sake gogewa. Babu komai a ciki sai fuskarsa da farin gemunsa.